Kofin Ruwa a Gefen Gado

Awa uku kacal ɗiyata ta yi a duniya. Dare ya raba, Fada yana nesa, ta koma ba a yi mata baftisma ba. Bayan mun binne ta ne wani katikis ya shaida mini cewa idan rai yana hannun Allah, kowa na iya zuba ruwan da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, muddin ya nufi abin da Ikilisiya take nufi. A daren nan kuwa, akwai kofin ruwa a gefen gadon.

Shekara biyu kofin nan yana hana ni barci. Kakata ta ce yarinyar tana Limbo, ba wuta ba aljanna. Katikizim na 1992 bai sassauta ba: baftisma wajibi ce ga wanda ya ji Bishara, ya kuma sami halin neman ta. Sai dai ya nuna cewa wajibcin a kanmu yake, bai ɗaure hannun Allah ba. A 2007 Paparoma Benedict na 16 ya amince da wata takardar masana tauhidi, wadda ta ce Limbo ra'ayi ne kawai, kuma akwai dalilin sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai.

Sa zuciya suka ce, ba tabbaci ba. Da aka haifi ƙaninta, ban bari ya cika mako ba na kai shi gaban Fada.