Gonar Malam a Turu



Duk wanda ya taso daga Paraku ya kama hanyar Jugu, zai ratsa wani ƙauye na Bargawa da ake kira Turu. A zamanin ƙuruciyata tsakaninsa da gari akwai daji da gonakin doya, har mukan ji kamar mun yi tafiya idan muka isa can. Yau kuwa mai babur zai kai ka, kuma da ƙyar ka gane inda Paraku ta ƙare.

A can mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake da gona. Shi mutumin Jugu ne, zuriyar fataken da suka riƙa yada zango a garin kan hanyarsu ta Kano zuwa Gwanja neman goro. Da aka ba shi limanci a wata unguwa ta Paraku, sai wani dattijo na Turu, wanda ba Hausa yake ji ba sai Dandanci, ya yanka masa fili. Babu takarda, babu kuɗi. Goro aka raba, aka yi fatiha, aka nuna itacen kaɗanya da wata suri a matsayin iyaka. Kowace Alhamis, ranar da babu karatun allo, mu da almajirai mukan tafi da fartanya. A gindin kaɗanyar nan na cika haddar Izu biyar, Malam yana kishingiɗe yana gyara mini, dattijon yana gefe yana gasa mana doya.

Gari kuwa ba ya tsayawa. Tun da layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936 take jan mutane. An buɗe jami'a a 2001, ƙidayar 2013 ta sami mutum fiye da 250,000, ga kuma maganar sabon filin jirgin sama a Turu ɗin kanta. Ƙasar da ake bayarwa da goro ta koma ana auna ta da mita. Wani abokin karatuna da ke zaune a wani ƙauye a bakin birnin Biradfod na Ingila ya gaya mini cewa a can doka ta kewaye birane da filayen da ba a barin gini a cikinsu sai da ƙyar. Na yi mamaki, amma ban tabbata talakan da ke neman wurin kwana zai yaba wa dokar ba.

Bayan rasuwar Malam da shekara biyu, na je na tarar da turakun siminti a cikin gonar. Jikokin dattijon sun sayar. Yayana ya fusata, ya ce mu kai ƙara, tunda akwai shaidu biyu da rai. Ni ma zuciyata ta tafasa, don na yi boko, na san dokar filaye ta 2013 takarda take girmamawa, mu kuwa mun yi sakaci shekara talatin.

Na nemi babban jikan. Ya karɓe ni a ƙofar gida, kansa a sunkuye. Ya ce mahaifiyarsa ce aka yi wa aiki a asibiti, kuma kakansu aro ya ba Malam, ba kyauta ba. Na koma gida na tambayi Inna. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Ubanku bai taɓa cewa gonata ba. Kullum gonar Baba yake cewa.”

Wannan magana ta hana ni barci. Idan kyauta ce, haƙƙin marayun gidanmu ne, ba ni da ikon yafe rabon ƙannena. Idan aro ne, to mun ci doyar mutane shekara talatin, sai godiya. Waɗanda suka san gaskiya duka biyu suna kabari.

Muka taru mu bakwai, aka yi ta ja-in-ja har bayan Isha'i. Biyar suka yafe. Yayana da ƙanwata ɗaya ba su yafe ba har yau, ban kuma ga laifinsu ba, amma ba su je kotu ba. Abu guda na roƙi wanda ya sayi wurin, ya bar kaɗanyar. Da na wuce a watan Sha'aban tana nan, an ja katanga ta bar ta daga waje, wata mata tana sayar da koko a inuwarta.