A Bar Yara Su Yi Dariya a Madafa

Babu yarinyar da aka taɓa tilasta wa wasan tuwon ƙasa. Da kanta take neman gwangwanin tumatir, ta jera duwatsu uku, ta kwaɓa ƙasa da ruwa, ta yi ta rabon abinci har magariba. Amma ranar da aka miƙa mata muciyar gaske, sai tsawa da ranƙwashi su biyo baya: gishiri ya yi yawa, tuwo ya yi gudaji. A ganina, ƴan uwa iyaye da malamai, a nan muke kashe wa yara sha'awar girki, alhali da ita suka taso.

Shi ya sa a hutun damina nake sakar wa yarana madafa kowace Asabar. Wuta da mai zafi suna hannuna, saura duk nasu ne. Da ɗan wake muka fara, don ba shi da wuya: garin wake, garin rogo, kuka da ruwan kanwa. Kowa ya riƙa gutsurowa yana jefawa cikin tafasasshen ruwa, ana gardamar na wa zai riga tasowa sama. Ƙaramarsu ta ce, "Mama, don mi ya nutse sa'an nan ya taso?" Wannan irin tambaya ce nake kwashe mako ina jira a aji ban samu ba.

Wata Asabar muka jiƙa zoɓo, muka raba a kofi biyu. Wanda aka matsa wa lemun tsami ya ƙara ja, wanda aka ɗiga wa ruwan kanwa ya rine ya yi duhu. Suka yi ta ihu kamar sun ga dabo. Darasin kimiyya ke nan a kan abu mai tsami da kishiyarsa, ba allo ba alli.

Lissafi ma yana nan. A makaranta yaro yana ƙirga kuɗi da faran, a kasuwa kuwa da dala ake ciniki, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Wanda aka ba jikka guda ya yo cefane dole ya san dala 200 ce a hannunsa, kuma in mai albasa ta ce dala 20, faran 100 zai ba ta. Haka nan in rabin tiya ya ishe mu, nawa za a auna ran da baƙi suka ninka yawanmu? Yaron da ke tsoron ninkawa da rabawa a littafi yana yin su a nan da gudu, don cikinsa na jiran sakamako.

Kada a ware yara maza. Mai shayi, mai tsire da masu kilishin Madawa duk maza ne, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Ɗanki da kike korewa daga bakin murhu, gobe yana iya samun kansa a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, nesa da tukunyarki. In bai iya dafa ko shinkafa da wake ba, guzurinsa a gidan mai abinci zai ƙare tun wata bai raba ba.

Na san hatsi da wake ba abin wasa ba ne, musamman da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Don haka a fara da kaɗan, kofi guda na gari ya isa. In ya lalace, a zuba mai da yaji a ci tare ana raha, a tambayi mai girkin abin da zai sake a gaba. Malamai kuma, in an koma aji a watan Oktoba, ku tambayi ɗalibai wa ya girka wani abu a hutu, ku bar shi ya bayyana yadda ya auna. Daga bakinsa za ku samu misalan darasin ranar.