Zamanin Jif Mai Silinda Takwas

Duk wanda ya yi harkar mota a Kano tsakanin 2005 da 2015 zai tuna lokacin da ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, ko ma'aikacin da ya daɗe yana tari, zai iya hawa irin motar da gwamnoni ke hawa. Ba sabuwa fil ba, wadda dai wani Ba'amurke ya gama yayinta ya sake ta. Jiragen ruwa na sauke irin waɗannan motoci a Kwatano, dillalai na jera su a filayen da ke kan hanyar Seme, direbobi kuma su kwaso su. Wasu ta Legas suke biyowa, wasu su haura ta Parakou zuwa Malanville, su tsallaka Gaya ta Nijar, su zagayo ta Maraɗi su faɗo Jibiya. Ko daga ina mota ta taso, mu dai 'yar Beljiyam muke ce mata.

A cikin irin wannan ayari tawa ta zo, Lexus LX 470 ƙirar 2004, ruwan toka, kujerun fata. Na saye ta ne lokacin da litar fetur take naira 97, dala kuma tana wajen naira 160. Tankinta lita 96 yake ci, wato da naira dubu tara da 'yan kai sai in cika shi har wuya. Wannan lissafin shi ya ba irinmu ƙarfin zuciyar tunkarar motar da ta fi tan biyu nauyi.

Wanda ya san mota ya san cewa LX 470 Land Cruiser ce samfurin 100 aka sa wa rigar sarauta. A Japan aka ƙera su duka biyun, kan ƙashi ɗaya, da inji ɗaya mai suna 2UZ-FE, silinda takwas, lita 4.7, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe. An fara sayar da ita a 1998, aka ci gaba har 2007, sannan LX 570 ta gaje ta. Daga ƙirar 2003 aka ƙara mata giya ta biyar, shi ya sa dillalai ke ɗaga farashin duk wadda ta zo bayan nan. Ƙafafunta huɗu kullum suna ja, kuma akwai ƙaramar giya ta musamman domin yashi da taɓo. Abin da Lexus ta ƙara shi ne katako mai sheƙi, da shiru a ciki, da ƙafafun da ke aiki da mai, waɗanda ke ɗaga motar ko su sauke ta idan an danna maɓalli.

Ranar ciniki Yayana ne ya ja ragama, domin ya yi tuƙin dogon zango kafin ya koma kasuwa. Dillali na ta nuna mana rediyo da sanyin esi, shi kuwa Yaya tabarma ya nema ya shimfiɗa ya shige ƙarƙashin motar. A jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da Ohio ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙashin mota yake yi, sai ka ga bodi na walƙiya alhali ƙasa duk tsatsa. Daga nan ya ɗaga kafet ya shinshina. Ba a daɗe ba da guguwar Sandy ta nutsar da dubban motoci a New York da New Jersey a watan Oktoban 2012, kuma kowa ya san cewa motar da ta sha ruwa ba ta warkewa, wayoyinta ne za su riƙa ruɓewa a hankali. Da ya fito ya kakkaɓe riga sai ya ce mini, "Ƙanina, wannan ba ta ga gishiri ba, ba ta ga ruwa ba. Kada ka dubi lambar da mita ke nunawa, ana juya ta. Dubi sitiyari da fedar birki, su ba sa ƙarya." Aka yi ciniki, aka biya la'ada, aka yi addu'a.

Babbar mota a gidan Bahaushe ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Tun makon farko ta shiga hidimar dangi, kuma ba ta fita ba har muka rabu. Ita ke kai lefe, ita ke ɗaukar amarya a kujerar tsakiya da gwaggo a kowane gefe, ƙawaye a cushe a baya. Idan alhazai sun dawo, ita ke zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, a naɗe kujerun baya su jingina da bango, a loda jakunkuna da jarkokin zamzam. Idan ciwo ya tashi da tsakar dare a unguwa, ƙofata ake bugawa. Mutum takwas aka ƙera ta ta ɗauka, amma ranar sallah, idan aka haɗa da yara, ba mai ƙirgawa. Ƙofar bayanta biyu ce, ɗaya ta ɗaga sama ɗaya ta kwanta ƙasa, kuma a kan ta ƙasan nan muka sha buɗe kwanon abinci a bakin hanya idan tafiya ta yi nisa.

Wadda ta fi kowa son motar ita ce mahaifiyarmu. Gwiwa ta daɗe tana damunta, hawa mota mai tsawo kuwa aiki ne. Sai in danna maɓalli, motar ta sauka da kusan santimita biyar, in ce, "Hajiya, ku ɗan dakata ta gama sauka." Ta kan yi dariya ta ce, "Ɗan nan, motarka ta fi yaran yanzu tarbiyya, durƙusa mini take yi. Allah ya yi maka albarka." Daga nan duk wata unguwa da za ta je, ko an kawo wata motar sai ta ce a jira mai ladabin.

Garinmu na asali yana gefen fadamar Haɗejiya. Da rani hanya yashi ce, da damina kuma laka ce mai kama taya. A watan Agusta ƙananan motoci a bakin kwalta suke tsayawa, mutane su ƙarasa a kan babur ko amalanke. Ni kuwa sai in ɗaga motar sama, in sa ƙaramar giya, in kulle tsakiya, mu shiga a hankali. Ba ta son gaggawa a wannan hali, domin da zarar gudu ya wuce kilomita 30 a awa sai ta koma tsayinta na kullum da kanta. Injin ba ya ihu, gurnani kawai yake yi ƙasa ƙasa, ruwa na tsagewa gefe da gefe. Samarin ƙauye da suka saba samun na goro wajen tura motocin da suka maƙale sai su tsaya suna kallo, wasu har da tsaki.

Mutane kan tambaye ni ko gaskiya ne irin wannan mota ba ta lalacewa. Amsar ita ce inji da giya ba su taɓa kwantar da ni a hanya ba, kuma ba ni kaɗai ba ne shaida. A Amurka wani direba mai suna Victor Sheppard ya yi tafiyar mil miliyan ɗaya da Toyota Tundra ƙirar 2007 mai irin wannan inji, har kamfanin ya karɓi motar a 2016 ya ba shi sabuwa domin injiniyoyi su buɗe ta su gani. Sai dai mota ba inji ba ce kawai. Akwai roba, akwai waya, akwai famfo, kuma duk suna tsufa, balle a zafin Kano na watan Afrilu da ƙurar hunturu.

A nan ne makanikina ya shigo, wani dattijo mai ƙaramin gareji da yara uku, wanda ya koyi aiki a kan Land Cruiser tun ana kawo masu dizal. Shi ya fara zaunar da ni ya karanta mini dokokin motar. Bel ɗin tamin ana canja shi duk mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000, kuma tunda sai an kwance gaban inji kafin a kai gare shi, a canja famfon ruwa a lokaci guda. Kik ɗinta a tsakiyar inji aka ɓoye shi, ƙarƙashin bututun shigar iska, saboda haka ranar da ya gaji, aikin yini guda ne, kuma ba a sa na jabu a wurin da ba a son komawa. Idan aka ji ƙara tik tik tik da sanyin safiya, ta kuma ɓace bayan inji ya yi zafi, bututun fitar hayaƙi ne ya tsage. Birkinta da famfon lantarki yake aiki, idan ya fara dogon kuka kada a yi masa jinkiri. A lagireto kuma ba a zuba ruwan rijiya. "Alhaji," in ji shi, "wannan motar ba ta cin amana. Kafin ta kwanta sai ta yi ta faɗa maka. Mutane ne ba sa saurare."

Ya kuma hana ni abubuwan da gareji da yawa ke yi wa 'yan Beljiyam da zarar sun iso. Wasu kan cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su ce na ƙasar sanyi ne. Wasu kan fasa salansa su kwashe abin tace hayaƙin da ake kira indomi, domin yana da masu saye. Shi duk bai yarda da wannan ba. Ya ce wanda ya ƙera ta ya san da Sahara.

Ƙafafun nan masu durƙuso su ne suka fi cin kuɗi. Kowace ƙafa tana da wata ƙwallon ƙarfe mai iskar gas a ciki, ita ke shanye gargada. Shekaru na tafiya iskar na zurarewa, sai motar da ke tafiya lumui ta koma tsalle. Dattijon yana da hanyar gwaji mai sauƙi: ya sauke motar ƙasa ya duba layin da mai ya tsaya a ɗan tankinsa, ya ɗaga ta sama ya sake dubawa. Idan tazarar ba ta kai layi bakwai ba, ƙwallayen sun gama aiki. Man ma nasa ne na musamman. Akwai wani maƙwabcina da yaron gareji ya ƙara wa tasa man birki, robobin ciki suka kumbura, motar ta zauna a ƙasa ba ta sake tashi ba sai da aka kwance komai. Masu irin motar da yawa sukan gaji su cire na'urar gaba ɗaya su sa ƙafafun Land Cruiser na gargajiya, kuma hakan na aiki. Da nawa ƙwallayen suka tsufa, dattijon ya ba ni zaɓi biyun. Na ce masa, "Baba, a nemo ƙwallayen. Hajiya ba za ta yafe mini ba." Aka duba kasuwar Ƙofar Ruwa ba a samu masu kyau ba, aka buga waya kasuwar Ladipo a Legas, suka kwana a motar dare suka iso.

Shan mai kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A cikin gari lita 18 take sha a kilomita 100, a babbar hanya ta sauko wajen 14. Kano zuwa Abuja, tafiyar sama da kilomita 400, takan lashe lita 60 da wani abu. A lokacin wannan bai dame ni ba. Ko da lita ta koma naira 145 a watan Mayun 2016, mun yi gunaguni mun ci gaba da hawa.

Ba lokaci ɗaya zamanin ya juya ba. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, a watan Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin gaba ɗaya, hanyar Kwatano ta yi sanyi. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa da mutane, jif ɗin da a da ke sa a buɗe maka ƙofa ta zama alamar cewa akwai kuɗin fansa a ciki. Manya suka ajiye nasu suka koma jirgin ƙasa. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Cika tankin ya koma kusan naira dubu ɗari, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Dala ta haye naira 1,500, kowane ƙarfe da za a saya ya bi ta. Wasu sun mayar da nasu masu aiki da iskar gas, tukunya ta cinye wurin kujerun baya. Ni dai sai na ga motar ta fi daɗewa a rumfa fiye da kan titi, dangi ma suka fara jin nauyin aro, domin sun san abin da zuwa kai amarya Gumel zai ci.

Bayan rasuwar Hajiya na sayar da ita ga wani mai harkar hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Dawanau da kasuwannin ƙauye. Shi motar kuɗi take nemo masa, saboda haka man da take sha ba asara ba ne a wurinsa. Sharaɗi ɗaya na gindaya, cewa ya ci gaba da kai ta wurin dattijon nan, kuma ya cika alkawari. Har yau injin ba a buɗe shi ba.

Matasa kan zo su ce sun ga irinta da araha, ko su saya. Nakan ce musu arahar gaskiya ce, ƙarfen ma gaskiya ne, amma amincin da muka sani abu uku ne suka haɗu suka ba mu shi: ƙira mai kyau, makanikin da ke tsoron Allah, da fetur mai sauƙi. Na farkon yana nan, na biyun sai an tona, na ukun kuwa ya tafi. Wanda aikinsa ke kai shi inda kwalta ta ƙare, ya saya, sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Wanda kuwa daga gida sai ofis, ya nemi mai silinda huɗu, ya bar wa 'ya'yansa kuɗin makaranta.