Tambaya Ashirin Kafin Gadon Majinyaci

A cikin ayyukan da ake kawo mana, mu masu rubuta manhaja, kaɗan ne suka kai gajeren gwajin ɗaliban likitanci sauƙin ginawa. Tambaya ashirin ce a ƙarshen babi, kowace da zaɓi huɗu ko biyar, agogo yana ƙirga mintuna a saman allo. Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a 2002, tana yin wannan kyauta. Su ma ɗaliban ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta.

Abin da ke sa mu taka a hankali shi ne wanda ke zaune gaban allon. Nan da 'yan shekaru shi ne zai lissafa yawan maganin da za a bai wa yaro mai kilo goma da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Idan manhaja ta ce masa ya ci sha huɗu cikin ashirin, ta ja bakinta, to shidan da ya faɗi suna nan tare da shi, kuma da su zai shiga ɗakin majinyata.

Shi ya sa muke naci wajen roƙon malamai su rubuta bayani a ƙarƙashin kowane zaɓi, ɗalibi ya ga inda ya kauce tun tambayar tana kansa. Gwajin ma shi kansa karatu ne. Binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa waɗanda aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka maimaita karantawa kawai.

Malamin ma yana da rabonsa. Manhaja tana kwatanta amsoshin kashi 27 cikin ɗari na saman aji da na kashi 27 na ƙasa. Idan na ƙasa suka fi cin wata tambaya, mai yiwuwa tambayar ce ke da matsala, ko an saka amsar da ba ita ba. Idan kuma rabin aji suka taru a kan kuskure ɗaya, malami ya san darasin da zai maimaita tun a mako na uku, ba sai ƙarshen shekara ba.

Duk da haka mun san iyakarmu. Majinyaci ba ya zuwa da zaɓi huɗu a hannu. Taɓa ciki, sauraren ƙirji da lallashin uwar da ta firgita, a gefen gado ake koyonsu, a can kuma ake auna su. Namu aikin shi ne ɗalibi ya gano kuskurensa da wuri, a lokacin da maki kaɗai zai rasa.