Kafin A Sayi Takalmin Kipchoge

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. A shekarar 1960, a wasannin Olamfik na birnin Rum, wani sojan ƙasar Habasha mai suna Abebe Bikila ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗoriya ba ko silifa a ƙafarsa, ya kuma zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. A yau kuwa da wuya a ga gwanin gudu ya tsaya a layin tashi ba tare da wani takalmi mai kaurin ƙasa ba, wanda aka cusa wa siririn falle mai tauri na zaren kabon a ciki. Labarin wannan takalmi ya game duniya, har ya iso duwatsun Jihar Filato, inda da yawa daga cikin 'yan gudun dogon zango na Nijeriya suke fitowa.

A can ne akwai wani saurayi manomin dankalin turawa, wanda Allah ya hore wa numfashi da ƙafa. Burinsa shi ne ya shiga gudun fanfalaki na birnin Ikko, wanda aka fara a shekarar 2016, domin akwai lada na musamman da akan ware wa 'yan ƙasa da suka riga 'yan uwansu isowa. Da ya sayar da amfanin gonarsa, sai ya ƙulle kuɗin wuri guda, ya ɗauri aniyar ba abin da zai saya sai takalmin da samari ke kira na Kipchoge. Amma da yake yaro ne mai ladabi, sai ya fara biyawa ta wurin tsohon malaminsu na wasanni, wanda ya yi ritaya, domin ya nemi albarkarsa.

Malamin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, ba zan yaudare ka in ce takalmin nan ba ya aiki ba. Yana aiki ƙwarai. Amma zauna ka ji yadda yake yin aikin, kafin ka zuba guminka na shekara guda a cikinsa."

Gaskiyar malamin ne. Kamfanin Nike ya fito da takalmin Vaporfly kasuwa a shekarar 2017, a kan dala 250. Masana a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun gwada shi a ƙafar gwanayen gudu, suka tarar yana rage ƙarfin da jiki ke kashewa da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Ran 12 ga Oktoba, 2019, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Eliud Kipchoge na Kenya ya kammala fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, sanye da wani samfuri na irinsa, ko da yake ba a lissafa wannan a matsayin bajintar gasa ba saboda gudun shiri ne na musamman. Washegari kuma, a Shikago, Brigid Kosgei ta yi awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 4, ta rushe bajintar da Paula Radcliffe ta kafa tun 2003. Da surutu ya yi yawa, sai hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a watan Janairu na 2020, cewa kaurin ƙasan takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40, kuma kada falle ya wuce ɗaya.

To, ina asirin yake? Mutane da yawa sun ɗauka fallen kabon ɗin nan sifirin ne mai cilla mutum gaba. Alhali kuwa babban aikin yana wurin soson da ke kewaye da shi. Sabon soso ne marar nauyi, wanda idan an taka shi yakan mayar da kusan kashi 87 cikin ɗari na ƙarfin da aka danna masa, yayin da na tsofaffin takalman da aka gwada tare da shi bai wuce kashi 65 zuwa 76 ba. Shi fallen, mai lanƙwasa kamar cokali, aikinsa ya riƙe soson kada ya yi ta tangaɗi, ya hana gaɓar yatsu lanƙwashewa da yawa, ya kuma mirgina ƙafa zuwa gaba. Har ma an taɓa tsattsaga fallen da gangan aka sake gwaji, aka ga amfanin takalmin bai ragu sosai ba. Ke nan wanda ya sayi kabon a cikin mataccen soso, ya sayi kube ne babu wuƙa.

Daga nan malamin ya ce abu huɗu ne mai saye zai auna, wato gudunsa, da ƙafarsa, da hanyarsa, da kuma aljihunsa.

Game da gudu, takalmin an ƙera shi ne domin masu sauri. Ragin kashi 4 na ƙarfi ba ya nufin ragin kashi 4 na lokaci, amma ko da kashi 2 ne, ga mai kammala fanfalaki cikin awa 2 da minti 20 ya kai kusan minti uku, kuma minti uku sun isa su raba mai komawa gida da lada da mai komawa da gajiya. Amma gwaje-gwaje sun nuna cewa amfanin yana raguwa ga mai tafiya sannu. Saboda haka magidancin da ke sassarfa da asuba domin rage tumbi ko kiyaye hawan jini, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Takalmin gudu na yau da kullum mai faɗin ƙasa ya fi masa alheri.

Game da ƙafa kuwa, ba kowa takalmin ke karɓa daidai ba. Wani ya samu riba mai yawa, wani kaɗan, wani ma babu. Yawancinsu matsattsu ne, ga tudu, ga laushi, har mai raunin idon sawu yakan ji kamar yana tafiya a kan katifa. Suna kuma sauya inda nauyi ke sauka a ƙafa. A shekarar 2023 wasu likitocin wasanni sun ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka samu tsagewar wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafa suna amfani da irin wannan takalmi. Mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, amma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Don haka a gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita, a bar sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba, a kuma tabbata dunduniya ba ta zamewa. Bayan an saya, a saba da shi sannu a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya fara sa sabon takalmi ranar gasa, bororo ne zai raka shi gida.

Da aka zo kan hanya sai malamin ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ina kake motsa jiki kullum?" Saurayin ya ce, "A hanyar gona, Malam." Malamin ya ce, "To, wannan takalmi ɗan kwalta ne. Robar ƙasansa siririya ce, tsakuwa za ta cinye ta kafin wata ya mutu, kuma a kan gargada yana iya gurɗa maka ƙafa." Ya ƙara da cewa ko a tseren cikin filin wasa ba a yarda da shi ba, domin tun daga Nuwamban 2024 iyakar kaurin takalmin fili milimita 20 ce.

Saura aljihu, kuma a nan gizo ke saƙa. Soson nan mai ban mamaki bai da tsawon rai irin na takalmin horo. Wanda Tigst Assefa ta Habasha ta sa a Balin a 2023, lokacin da ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, na kamfanin Adidas ne, nauyinsa giram 138, kuɗinsa dala 500, kuma domin gasa ɗaya tak aka ƙera shi. Wannan ya sa na gwanjo ya zama tarko, gama samansa na iya yin ƙyalli alhali soson ya riga ya mutu. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa, masu kama da na ainihi a ido, amma cikinsu roba ce kawai. Araha dai ba ta ado.

Da suka zauna suka yi lissafi, sai ya bayyana cewa kuɗin dankalin ba za su sayi na ainihi sabo ba sai an haɗa da kuɗin mota zuwa Ikko, da na masauki, da na abincin watannin horo. Saurayin ya yi shiru, ransa bai so ba, domin ya san waɗanda zai kara da su da yawa suna sanye da shi, kuma ya san minti ukun nan gaskiya ne. Duk da haka ya zaɓi ya sayi takalmin horo mai ƙwari da wani marar nauyi na ranar gasa, ya ci abinci mai gina jiki, ya bar na kabon sai wata shekara, ko kuwa sai ladan gudu ya saya masa da kansa.

Abin lura a nan shi ne, takalmin yana ƙara kashi kaɗan ne a kan abin da mutum ya riga ya tara da gumi. Kashi 4 cikin ɗari na babu kuwa babu ne. Amma kuma bai kamata a bar yaran da ke da baiwa suna zaɓe tsakanin takalmi da tuwo ba. Ya dace hukumomin wasanni na jihohi da masu hannu da shuni su dubi wannan, domin 'yan takalma kaɗan na ainihi, a ajiye su don ranar gasa, za su sa 'ya'yanmu su tsaya a layi ɗaya da takwarorinsu na Kenya da Habasha ba tare da an fi su tun kafin a busa usur ba. Ga mai saye kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa mu dace.