Majami'ar ƙasa ta Wusasa

Duk wanda ya je Zariya daga nan Gadarif, in ya gama da birni da ƙofar fada, ya daure ya leƙa Wusasa, ƙauyen da ke gindin dutse a bayan gari. Akwai wani gini a can da ya kamata Bahaushen Sudan ya gani, ko Musulmi ne ko Kirista.

Majami'ar Saint Bartholomew ke nan, wadda aka gina a 1929, shekarar da 'yan mishan na Ingila suka taso daga cikin birni, inda Dokta Miller ya zauna tun 1905. Sunan irin na majami'un ƙauyukan Ingila ne, amma aikin na maginanmu ne. Da tubali aka ta da bango, da azara aka ɗaure baka, sannan aka bi da yaɓe. In mutum ya shiga da rana tsaka, sai ya ji sanyi kamar a soron wani hakimi. Shugaban mishan na lokacin, Guy Bullen, daga baya nan ƙasar ya zo a matsayin mataimakin bishop na Masar da Sudan, kuma a nan ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a 1937. A ƙauyen kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

To, ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Mu da muke sake ciyawar rumfa a Um Rakuba kafin damina mun san haka. Indararo ɗaya in ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, gara ta shiga azara, shi ke nan. Wasu kan ce siminti ne magani, alhali siminti kan kulle damshi a cikin bango har ya ruɓe ba a sani ba.

Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Kuɗin gyara ana samu in an yi gangami. Abin da ke wuya yanzu shi ne maginin da ya iya ɗaurin baka, don 'ya'yan magina da yawa sun koma bulo.