Daga Gwarzo Zuwa Ƙololuwar Dala

'Yan'uwana mata, musamman 'yan makaranta. Tambaya gare ni: a cikinku mutum nawa ce ta taɓa hawa Dutsen Dala? Duk mun haddace sunansa a aji, mun rubuta shi a jarrabawa, amma da yawanmu sai a yi mana aure ƙafarmu ba ta taɓa taka shi ba. Mu 'yan Gwarzo da Kabo ma abin ya fi yawa, domin idan mun shiga birni iyakarmu asibiti, ko Kantin Kwari sayen atamfa, ko gidan biki.

Wannan ne ya sa a ƙarshen kaka, cikin watan Nuwamba, muka matsa wa Yaya sai ya kai mu. Baba ya ce, "Ku je, amma kada magariba ta yi muku a hanya." Muka amsa da, "To Baba, in Allah ya yarda." Da sassafe muka bar Gwarzo, a ƙasar Kabo muka tsaya muka ɗauki 'yar Goggona. Tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Hagu da dama an yanke dawa an jingine kara, mata suna ta roron wake, iskar hunturu ta fara busar da leɓe. Muka wuce Rimin Gado, muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, muka shiga ta Kabuga, ga Goron Dutse yana kallonmu.

Dala a tsakiyar gidaje yake, sai kin ratsa lunguna kafin ki kai gindinsa. Matakala 101 ce za ta kai ki sama. Daga ƙasa na raina ta, amma wallahi kafin mu kai rabi numfashina ya fara sama-sama. 'Yar Goggo kuwa da ta sa takalmi mai tsini, cirewa ta yi ta riƙe a hannu tana cewa, "Yaya don Allah ka jira mu mana!"

Da muka isa, kai jama'a! Saman shimfiɗaɗɗe ne, jar ƙasa, tsayinsa mita 534 daga matakin teku. Birnin Kano duk ya kwanta a gabanmu cikin siririn hazo. Yaya ya nuna mana korayen kubbobin Babban Masallaci, da wajen Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, waɗanda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Nan inda muke tsaye Kano ta fara. Masana sun gano cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narkar da tama a gindin dutsen. Tarihin Kano ya ce a nan Barbushe ya zauna yana jagorantar bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Musulunci kuwa ya kafu a fada zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, da zuwan Wangarawa. Da aka kira azahar, masallatai suka ɗauka ta ko'ina a lokaci guda, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Sai dai akwai abin da ya ɓata min rai. Ruwan sama yana ta zaizaye gefen dutsen, gidaje sun matse shi, ga leda da shara, har da masu mayar da wurin bayan gida. Dutsen da ya haifi Kano ke nan fa! Idan muka yi shiru, me za mu nuna wa 'ya'yanmu gobe?

Shawarata, ki nemi izinin iyaye, ki tafi da yayanki ko malamanku, kada ki je ke kaɗai. Ki sa takalmi shafaffe, ki riƙi ruwa da man kaɗanya, ki ɗaure mayafi sosai domin iskar saman ba ta da kunya. Ledar da kika hau da ita kuma ki sauko da abarki. 'Yan makaranta, ku roƙi malamin tarihi ya shirya muku ziyara, gani ya kori ji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.